Akwatin da Na Kashe a Asibitin Sakkwato

Tun da na dawo ban huta ba. Wadda ta zo awon ciki sai ta tambaye ni yaya Sakkwato, wadda ta kawo yaro rigakafi ta tambaye ni, har bakin rijiya ba a bari in ja guga cikin kwanciyar hankali. Na faɗa har muƙamuƙina ya gaji. To, ga shi na sa a kaye, littafin rubutu, sau ɗaya. Madam Zali da ta koya mana karatun manya za ta karanta ma waɗanda ba su iya ba, ranar Laraba bayan darasi. Kafin in ɗauki bik in fara rubutu na nemi izinin Rabi, ta ce in rubuta, tunda abin da za a ɓoye an riga an ji shi. Wadda ta sake tambayata bayan wannan, kayen zan miƙa mata.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce Tsahara, ungozoma a gidan likita na garinmu, nan kusa da Tabotaki. Na daɗe ina karɓar haihuwa kafin in iya rubuta sunana, don sai da na wuce arba'in na zauna gaban allo. Gidan likitanmu kun san shi. Ɗakin duba marasa lafiya bangonsa bai kai rufi ba, tagarsa kuma kullum a buɗe take saboda zafin kwano. Bencin jira yana ƙarƙashin tagar nan, don nan ne inuwa take. Majo, shugaban gidan likitan, ya manna takarda a bango wadda aka rubuta da faransanci cewa a yi shiru. Ita ce kalmar faransanci ta farko da na iya karantawa da kaina, sai na ɗauke ta kamar ni anka ba tsaronta. Mace ta buɗe baki a benci, in daka mata tsawa. Shekaru ina wannan aiki ina jin kaina, bencinmu ya fi masallaci shiru.

Rabi ɗiyar yayata ce marigayiya, uwar yara biyar, kuma duk mai shan fura a kasuwarmu ya san ƙwaryarta. Wata ranar kasuwa ta shigo ɗakin duba, ta zauna tana magana ƙasa-ƙasa. Mahaifarta ce ta sauko tun haihuwarta ta biyar, fiye da shekara tana ɓoyewa, tana mayar da ita da hannu tana ɗaure zane. Sajfam ɗinmu, ungozomar da ta yi karatun likita, baƙuwa ce a lokacin, ba ta kama abin da Rabi ke faɗi ba, ta dube ni. Ni kuma raina ya ɓaci, ɗiyata ta yi shekara da ciwo ina gari ban sani ba. Muryata kun san ta. Na ce:

"Kina nufin abin yana fitowa waje? Kuma da hannun nan kike mayar da shi, kina dama ma mutane fura?"

Abin da nike so in ce shi ne don mi ba ki gaya mini ba. Abin da ya fito ke nan. Benci cike yake da mata, kuma ni ce na sa su yin shiru. Kasuwa ta gaba ƙwaryar Rabi ta koma gida a cike, ta gaba ma haka, ta uku ba ta fito ba. Daga ranar ba ta sake ce mini Inna ba. In mun haɗu sai ta rusuna kaɗan ta wuce. Likita kuwa ko wane iri ne, in ya tambaye ta sai ta kalli ƙasa.

Bayan an gama girbi mijinta Illa ya zo ya same ni. Ya ce ƙanensa Sani da ke sayar da albasa a Sakkwato ya samo wata likita mace da ke gyara irin wannan. Rabi ta yarda za ta je don can ba wanda ya san ta. Shi ba zai iya jinyar mace ba, kuma ba ta da uwa sai ni. Na tambaye shi ko ta san ni za a haɗa ta da ita. Ya ce ta sani, ba ta ce i ba, ba ta ce a'a ba. Na ɗaure kayana.

Daga gari zuwa Buza kabu-kabu, babur na haya, munka hau, ita gaba ni baya, duwatsun Adar suna jijjiga mu. Na naɗe mata zane kamar gammo ta zauna bisa, ta karɓa ba ta dube ni ba. A Buza munka jira mota ta cika tun hantsi har rana ta take. Da ta cika kuma sai ta cika fiye da kima, buhunan wake a ƙarƙashin ƙafafunmu, gwiwata a haɓata. Kusa da ni wani mushen lakwal ne, malamin makaranta, da salula a kunne, tun daga tasha yake faɗa da wani a kan zancen canjin wurin aiki. Kafin mu kai Karofane duk motar ta san sunan sufetonsa, da ciwon basir ɗin da ya ce yana hana shi hawan babur. Can taya ta fashe, munka sauka munka zauna gindin wata aduwa marar inuwa. Wata mata mai zuwa suna Madawa ta matso, ta dubi yadda Rabi ke zama a karkace, ta tambaye ni mi ke damun yarinyar. Na ce mata abin da ke damunta tambaya ce. Ta ja zanenta ta koma gefe. Na waiga in ga ko Rabi ta ji na tsare mata, ta ji, amma fuskarta ba ta motsa ba.

A Madawa munka ci kopto, kwaɗon zogale, da shinkafa da wake a bakin tasha, munka yi salla, munka shiga motar Ƙonni. Gudron, titin kwalta, ya fi dutse, amma tsayawa ta yi yawa. Nan jandarma, can ƴan sanda, kowa a fito da kardantite, katin shaida, a sauka a hau. Gwiwoyina sun fara gaya mini shekaruna. Manyan motocin albasa suna wuce mu suna bar mana warinsu. Mun shiga Ƙonni gab da magariba.

Illa ya haɗa mu da wata Hajiya mutuniyar Allakaye da ke saukar da baƙi mata. Ta karɓe mu da kyau, ta ba mu tuwon dawa da miyar kuka mai zafi. Ɗakin baƙin nata babba ne guda, an raba shi da zana gida uku. Da safe muna shan koko Hajiya ta zauna ta ba mu labarin sauran baƙin ɗaya bayan ɗaya, wace ce mijinta ya kora, wace ce za ta Legas neman ɗanta. Ba da mugunta take yi ba, zana ce ta kawo mata, ita kuma ta kawo mana. Da ta juyo kanmu na ce mata biki za mu. Ta dubi ƙullin magani a bakin jakata ta ce Allah ya sa a yi biki lafiya.

Iyaka ba wani abin kallo ba ce, igiya ce da rumfuna da rana da masu canji suna bin ka. Can ɓangaren Illela wani ma'aikaci a bayan tebur yana tambayar kowa inda za shi da abin da zai kai shi, layi kuma a matse, na baya yana numfashi a wuyan na gaba. Da na ce asibiti za mu, ya ɗaga kai ya tambayi wace cuta. Aikinsa yake yi, ban ga laifinsa ba, amma na ji Rabi ta sandare kusa da ni. Na ce ciwon gwiwa, ni ce marar lafiya, ita rakiya ta yi mini. Ya dubi yadda nike tsaye ya yarda, don ba ƙarya ce duka ba. Da munka wuce Rabi ta karɓi jakata ta ɗora a kanta. Daga nan har Sakkwato ita ta ɗauka.

Kun tambaye ni ko suna jin hausarmu. Suna ji, tasu da tamu kamar ƴan ɗaki ɗaya ne, sai dai inda mu ke sa faransanci su turanci suke sawa. In na ce karne sai su ce kati, in na ce sajfam su yi ta kallona. Burodinsu zaƙi gare shi kamar na yara, shayinsu kuma madara ce anka nuna ma ganye. Abin da ya fi ba ni mamaki furarsu. A tashar Illela na ga ana jefa dunƙulen fura cikin wani inji da nono da ƙanƙara, ya yi ƙugi kaɗan, a juye maka a kofin roba. Na saya mana. Rabi ta kurɓa sau ɗaya, ta juya ta a baki, ta yamutsa fuska ta miƙo mini. Gero bai ji turmi ba, ba citta ba kanumfari. Da a da ne da ta yi mini bayani har mu kai Gwadabawa. Na sha tawa da tata.

Sani ya tarbe mu a Sakkwato da keke mai ƙafa uku. Gidan haya yake, ɗakuna a jere, kowane da iyalinsa, makewayi ɗaya. Matarsa Hafsi ta bar mana gadonta ta koma tabarma, Allah ya saka mata. Zafin garin ba irin namu ba ne, namu yana da iskar dutse, nasu yana zama a kanka. Wuta tana zuwa tana tafiya, in ta tafi janareton maƙwabta ya kama. Ban yi barcin kirki ba ko sau ɗaya a gidan nan.

Asibitin ƙarami ne, na kuɗi, mai tsabta. Ranar farko ba mu ma kai ɗakin jira ba. A bakin ƙofa akwai teburin yankan kati, ma'aikaciyar ta tambayi suna, Sani ya faɗa, ta tambayi abin da ya kawo mu. Rabi ta kalli ƙasa. Ni kuma halin nan nawa, na buɗe baki na ce ai mahaifarta ce. Ban ƙarasa ba ta juya ta fita. Munka same ta bakin titi tsaye. A gida Sani ya gaya mini gaskiya: likitar kwana biyu take zama a mako, kuma ba za ta taɓa mace ba sai ta ji daga bakinta. In jibi Rabi ba ta yi magana ba, sai mu koma yadda munka zo, don shi ma kayansa na jiransa a kasuwa. Na kwana biyu ina cizon harshena. Na yi ma kaina alkawari ko mi za a tambaya ba zan amsa ba.

Ranar ta biyu Sani ya karɓi katin shi kaɗai, munka shiga ɗakin jira. Benci huɗu, mata kamar goma sha, ƙofofi biyu na katako marar kauri, ɗaya ta likita ɗaya ta masu jinya. Mata suna hira ƙasa-ƙasa, ba mai tsawata musu. Na ce a raina wannan wuri ba shi da mai tsaro. Na zauna. Sai kunnena ya kama wani abu: ruwa yana zuba. Shuuu, ba tsayawa, kamar an bar famfo a buɗe cikin bokiti.

Ku da kuka san rijiyarmu a watan bazara, da yadda muke tashi mu bi layi, mu jira ruwa ya taru a ƙasa kafin a sa guga, kun san ba zan iya zama ruwa na zuba ba. Na dubi matan, ko a jikinsu. Na ce lalle mutanen birni Allah ya ba su sun manta. Na daure, na daure, na kasa. Na tashi na leƙa makewayi, famfo a rufe. Na duba wurin wanke hannu, a bushe. Na bi ƙarar da kunne har ta kai ni wani ɗan akwati fari, bai fi ƙoƙon shan fura ba, a kan katako jikin bango tsakanin benci da ƙofar likita, da wayarsa a cikin soket. Ba ruwa ba ne ashe. Na ce to radiyo ce ta lalace anka manta da ita tana cin wuta a banza. Na sa yatsa na kashe.

Ɗakin ya yi tsit, irin tsit ɗin bencinmu. Sai ga muryar mace daga bayan ƙofar likita, tar, kamar a kunnena take. Tana kuka tana faɗin wani abu tsakaninta da mijinta. Ba zan rubuta abin da na ji ba, wannan kuskure na yi shi sau ɗaya ya ishe ni. Hira ta tsaya. Kowace mace ta sunkuyar da kai, kuma kowace tana ji, na san irin sunkuyon nan, shekaru ina ganinsa ina cewa ladabi ne.

Wata ma'aikaciyar jinya, Sista Balki, ta fito daga ɗaya ƙofar da sauri, ta ture hannuna ta kunna. Shuuu ya dawo, muryar ta nutse. Ana jin dai akwai mai magana a ciki, amma kalma ko ɗaya ba ta fitowa.

"Baba, wa ya ce ki taɓa?"

"Na zaci ruwa ne ke zuba."

"Ruwa a cikin soket?"

Matan sunka yi dariya. Ni da ba a mayar mini da magana a garinmu, na tsaya kamar icce. Ta ga furfurata ta sassauta. Ta ce wannan ba lalacewa ya yi ba, aikinsa ke nan. Likitar ce ta kawo shi, don ƙofofin ba su tare magana, kuma ba za a rushe gini ba. Ta ce kunne in wuri ya yi shiru yana tsinto magana ko daga nesa, ko mutum bai so ba. Amma in akwai ƙara mai laushi wadda ba ta hawa ba ta sauka, ba kuma kalmomi a cikinta, sai ta lulluɓe bakin maganar, a ji murya ba a gane mi anka ce ba. Na tambaye ta don mi ba a sa shi cikin ɗakin likita ba. Ta ce ba mai magana ake rufe ma baki ba, wurin masu saurare ake sa shi. Can ciki likita da marar lafiya suna jin juna sarai.

Na koma in zauna, na ga wurin Rabi ba kowa. Na ce ta sake fita. Ashe ta tashi ta koma ƙarshen bencin da ke manne da ƙofar likita. Ta jingina kanta da bango, kunnenta kusa da katakon, ba ta ko ɓoye abin da take yi ba. Ta daɗe haka. Matar da ke ciki ta fito da jan ido, ta ratsa mu ta wuce, wata ta shiga, Rabi na nan tana saurare. Ta biyu ta fito. Da anka kira sunan Rabi na yunƙura zan tashi, ta ɗaga mini hannu ba ta waigo ba. Ta shiga ita kaɗai ta rufe ƙofa.

Zan faɗi gaskiya, don ban iya wani abu ba. Na koma wurin da ta tashi, na sa kunnena inda ta sa nata. Na ji muryar likita, na ji shiru, na ji shiru ya yi tsawo har na fara karanta addu'ar da na iya. Sai na ji wata murya, ƙasa-ƙasa, ta Rabi. Wata nawa ban ji ta yi magana mai tsawo haka ba. Ta yi ta yi, ta tsaya, ta ci gaba. Na matsa kunne har katako ya yi mini shaida a kunci. Ban gane ko kalma ɗaya ba. Ban taɓa jin daɗin rashin jin magana ba sai ranar.

An yi mata aiki bayan kwana huɗu. Ba zan ja ku da labarin jinya ba, wadda ta taɓa yi ta sani: wankin zane, ɗumama ruwa, zaman kujerar roba har ƙugu ya ƙage, abincin leda. Likitar ta ce an dace, ta hana ta ɗaukar tulu da daka har wata uku. A kwanakin nan ne na saba da Sista Balki. Ta ce mini akwatin ba marasa lafiya kaɗai ya taimaka ba. Da, in tana rubutu a teburinta, maganar ɗakin likita da ta ɗakin jira duk suna shigar mata kai, ta rubuta layi ta goge, ta koma gida da damuwar mutane goma da ba ta nema ba. Marasa lafiya kuma don tsoron a ji su sai su yi ta raɗa, har a rubuta abin da ba shi sunka ce ba, ko su faɗi rabi su haɗiye rabi. Yanzu ta ce ba ta ma tunawa da ƙarar, sai in wuta ta ɗauke kafin a ta da janareto, nan take likita ke dakatar da magana. Ni ma na lura, bayan kwana biyu na daina jin ruwan.

Na ba ta labarin takardarmu ta bango da tsawar da nike yi. Ban ɓoye mata abin da na yi ma Rabi ba. Ta gama naɗe bandeji, sannan ta ce, "To ai ke kike share musu hanya, Baba." Na so in ji haushi, ban samu ƙarfin ji ba.

Sai a hanyar dawowa na tuna da wani abu da na sani tun ina yarinya. Iyayenmu mata in suna da zancen da ba su so maza ko yara su ji, ba ɗaka suke shiga ba. Turmi suke jawowa tsakar gida, biyu su kama daka, a yi maganar a cikin dakan. Kana zaune nan kusa, ka ga baki na motsi, ba ka jin komi. Mun san abin nan tun kakanni. Ni ce na je lakwal da tsufana na karanta kalma ɗaya a bango, na manta.

Dawowar ta fi tafiyar wuya. Mota ta lalace mana bayan Malbaza, mun yini a bakin hanya. Daga Buza Illa ya samo mota ta musamman don kada duwatsu su taɓa ɗinkin. Na iso gida ƙafafuna sun kumbura kamar na mai ciki, na kwana biyu ban fita ba.

Rana ta uku na je na cire takardar nan daga bango. Majo ya tambayi dalili, na gaya mishi duka. Ya ce akwatin irin wannan ba ya cikin kayan da ake aiko mana, kuma panonmu na wutar rana firijin rigakafi kawai yake iya riƙewa. Na ce ban tambaye shi akwati ba. Na kawo radiyon marigayi maigidana, mai cajin rana. Farko na kama tasha na sa waƙa, abin bai yi ba. Na ciki sai ɗaga murya suke don su ji juna, kuma da waƙa ta ƙare kafin mai gabatarwa ya yi magana, sai zance ya faɗo ta taga. Sai na murɗa ta tsakanin tasha da tasha, inda ba kowa sai shuuu, na rage ta, na rataye a ƙusa saman benci, ba cikin ɗaki ba. Munka ja bencin ma taku uku daga taga, Illa ya kafa mana ƴar rumfar kara don inuwa. Na sa Majo ya shiga ya yi ta karanta sunayen magunguna da muryarsa ta kullum, ni ina benci. Na ƙara kaɗan, na rage kaɗan, har sai da na ji shi yana magana ban san mi yake cewa ba. Ya fito ya zauna, ni na shiga. Ya ce tawa muryar tana fitowa har yanzu. Na ce wannan ba laifin radiyo ba ne, zan yi aiki a kanta.

Ba kowa ya so ba. Gwaggo Dije, wadda kakanninta ke riƙe da dutsen tsafin gari kafin su kama salla, ta ce ita ba ta zama ƙarƙashin abin da ke huci ba a ga mai hucin ba. Na ce mata turmi ne marar taɓarya. Ta ce in haka ne to. Wasu sun ce tsufa ya kama Tsahara, ta je Najeriya ta dawo tana sauraren radiyon da ba ta magana. Ku faɗa. Radiyon ba ta kai akwatin Sakkwato ba, tana kwarmata zance in caji ya yi ƙasa, ranar hadari kuma sai mu koma rufe taga mu sha zafi. Amma sajfam ta ce mata sun fara faɗin abin da da sai an yi ta jan su, kuma ta daina tashi da ciwon kai. Yanzu in mata na hira a benci, sai in wuce in bar su.

Abin da ya fita ta tagar nan ba ya komawa, wannan na sani. Rabi ta warke, ta fara dama fura kaɗan a gida, ɗiyarta babba ke yi mata dakan. Wasu sun dawo saye, wasu har yau in sun ga ƙwaryarta sai su tuna da maganata su wuce. Wannan nawa ne, zan ɗauke shi.

Makon jiya ta zo a duba ɗinkin. Ba ta shiga kai tsaye ba. Ta zauna a benci ƙarƙashin radiyon, akwai wata a ciki, ta karkata kai wajen taga kamar yadda ta yi a Sakkwato. Ina tsaye bakin ƙofa da tire a hannu ina kallonta. Da ta cikin ta fito Rabi ta tashi. Na matsa in bi ta, don aikina ne in riƙe ma sajfam kaya. Ta tsaya, ta karɓi tiren daga hannuna.

"Inna, ke zauna nan ki tsare radiyon."

Na zauna. Gwiwoyina ma sun gode.